Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

 

 Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini rai, har na ga gara in kawo ta gabanku mu duba tare. Tambayar ita ce, ina iyakar rufin asiri? Mun tashi an koya mana cewa rufa wa ɗan'uwa asiri ibada ne, kuma haka ɗin ne. Addu'ar da ta fi yawa a bakin iyayenmu ma ita ce Allah Ya rufa asiri. To amma idan abin da za a rufa ɗin tsagewar bango ce, ko ruwan da ke kwana a tsakar gida duk damina, ga kuma wani bawan Allah ya ɗauko guminsa na shekara da shekaru zai zuba a kan gidan, shirun da za a yi masa rufin asiri ne, ko kuwa wani suna gare shi daban?

Wannan magana a jikina na koye ta har sau biyu, sau ɗaya ina mai saye, sau ɗaya ina mai sayarwa.

Yadda muka sayi namu

Shekararmu 14 a gidan haya kafin Allah Ya hore mana. Maigida ya haɗa abin da ya tara, ni kuma na sayar da 'yan gwala-gwalaina na lefe, na haɗa da kwasar adashi. A watan Maris dillali ya kai shi ganin gidan, lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas. Ya dawo yana ta yabawa. Ni sai a zuwa na biyu aka tafi da ni, shi ma dab da magariba. Wallahi abin da na tsaya kallo kawai tayil ɗin kicin da girman falo, ina ta lissafin inda zan sa kujeru.

Abu biyu idona ya gani amma bakina bai tambaya ba. Na farko, an shafa wa gindin bangon tsakar gida fentin mai, mai duhu, tun daga ƙasa har kusan ƙugu, sabo fil. Na biyu, duk gidajen layin an ɗaga dokin ƙofarsu da bulo bibbiyu, sai ka ɗaga ƙafa sosai kafin ka shiga. Na ɗauka ado ne da yayin unguwa.

Ran da aka yi ruwan farko mai ƙarfi a watan Agusta, cikin dare muka farka katifar yara na iyo. Kwatar da ya kamata ta fitar da ruwa waje ita ce ke dawo mana da na titi. Ashe gidan a bakin tsohon kududdufi yake, wanda aka cike da shara da ɓaraguzai aka yanka filaye. Kafin damina ta biyu ta fita, fentin nan ya kumbura ya ɓare, wani farin gari kamar kanwa ya feso a gindin bango, tsaga kuma ta taso daga kusurwar tagar ɗakina ta nufi sama a karkace.

Washegarin ruwan farko, wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta shigo jaje. Ta ce, "Sannu 'yar nan, ai duk shekara haka gidan nan yake." Na ce, "Haba Inna, ranar da muka zo gani fa har ɗaki na shiga na gaishe ki, me ya hana ki ɗan yi mini nuni?" Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ba ki tambaye ni ba. Kuma mutumin nan shekara goma muna zaman lafiya, bashi ya yi masa katutu, ni ce zan tona masa asiri?"

Inna ba muguwa ba ce. Mace ce mai salla da zumunci, kuma da zuciya ɗaya ta faɗi haka. Abin da ya sa maganarta ta tsaya mini ke nan. A cinikin gida mutum uku ne ke da alhaki: mai saye, da maƙwabci, da mai sayarwa. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Mai saye: bincike ba mummunan zato ba ne

Da yawanmu kunya ke hana mu dubawa. Gani muke idan muka tsaya ƙwanƙwasa bango kamar mun ce mai gidan maƙaryaci ne. To ki tuna Manzon Allah (SAW) da kansa ya bi ta wajen mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tarin, ya ji laima a ƙasa alhali saman a bushe yake. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi (SAW) ya nuna masa cewa kamata ya yi jiƙaƙƙen ya kasance a sama inda mutane za su gani, ya kuma barranta daga mai algus. Imam Muslim ne ya ruwaito. Idan mafi kyautata zato a cikin halitta ya sa hannu ya duba, ni da ke wace kunya ce za ta sa mu yi cinikin biri a sama?

Kuma 'yar'uwa, ki roƙi maigida cikin ladabi ya tafi da ke, da rana tsaka, kafin a ba da kafin alƙalami. Shi da safe zai fita, ke ce za ki wuni a gidan, ke za ki yi wanki da wanke-wanke, ke za ki kwashe ruwa idan ya shigo. Abin da idonki zai kama ba lalle nasa ya kama ba. Ga kaɗan daga abin da wahala ta koya mini.

Gida a damina ake sanin halinsa. In da hali a je a watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa da awa ɗaya ko biyu. Idan kuma da rani cinikin ya faɗo, ki duba bangon maƙwabta ta waje, don ruwa yakan bar zane a inda ya tsaya. Ki duba ko titi ya fi tsakar gidan tudu. Ki sa a sheƙa bokitin ruwa a tsakar gida da banɗaki, ki ga inda ya nufa. Ki tambaya a baya mene ne a wurin. Birni kamar Kano cike yake da kududdufai da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, an cike da yawansu an yi gidaje a kai, kuma ƙasar ciko takan ci gaba da zama ta ja ginin ƙasa. Garuruwanmu sun ga ambaliya ba sau ɗaya ba: ɓallewar madatsar Bagauda a 1988, ambaliyar 2012 da ta 2022, da ta Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Ba laifi ba ne ki ce, a shekarar da aka yi babban ruwa ina ya tsaya a gidan nan?

Sabon fenti a wuri ɗaya tak abin tambaya ne. Ki shafa gindin bango, idan da sanyi, ko filasta na zubowa kamar gari, ko kin ji warin rima a ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, to danshi na hawowa daga ƙasa. Ki ƙwanƙwasa filasta da tayil, wanda ya saki yakan yi amo kamar ganga.

Tsaga iri-iri ce. 'Yar siririya kamar gashi a fuskar filasta yawanci bushewar siminti ce. Wadda ake tsoro ita ce mai tasowa daga kusurwar ƙofa ko taga a karkace, ko mai bin layin bulo kamar matakala, ko wadda bakinta ɗaya ya fi ɗaya faɗi, ko wadda ake gani ciki da waje a wuri guda. Irin wannan takan nuna harsashin ginin ne ke motsi. Ƙofar da ke cijewa ba ta rufuwa sai da ƙarfi ita ma shaida ce.

Ki ɗaga kai ki dubi silin. Zagayen tabo ruwan ƙasa alamar yoyo ce ko da an bi shi da farin fenti. A sa yaro ya leƙa saman silin da tocila, a soka makulli a jikin katako, idan ya shige ba wuya to gara ta gama da shi. Idan ginin dakin ne, a duba ko rodi ya yi tsatsa ya fasa siminti ya leƙo.

Ki ɗanɗani ruwan rijiya, ki kuma auna tsakaninta da masai ko sokawe, na gidan da na maƙwabta. Ma'aikatan lafiya na son a sami tazarar aƙalla mita 15, in da hali 30, don ƙazanta na bin ƙasa ta shiga ruwan sha. Ki duba ko babbar wayar lantarki ta ratsa ta saman gidan.

Akwai kuma aibin da ba ya jikin bango. Tun dokar ƙasa ta 1978 filayen birane a hannun gwamnan jiha suke, don haka a kai lambar takardar mallaka ma'aikatar ƙasa a tabbatar da sunan da ke kai, a kuma tabbatar ba a jinginar da gidan a banki ba. A je wajen mai unguwa. Idan gidan gado ne, a tabbatar kowane magaji ya yarda, har matan da ke gidajen aurensu waɗanda sau da yawa ba a ko shawartarsu. Daga ƙarshe a biya magini ko injiniya amintacce, wanda ba dillali ne ya kawo shi ba, ya zagaya. Kuɗin da za a ba shi bai kai kuɗin katifa ɗaya da ruwa zai lalata ba.

Maƙwabciya: wane asiri ake rufawa?

Mu dawo kan Inna. Na daɗe ina juya maganarta, sai na gane abu biyu ta haɗa ta ɗaure da igiya ɗaya. Akwai asirin mutum, akwai aibin kaya. Bashin da ya ci maƙwabcinta, da dalilin da ya sa yake sayar da gidansa, da abin da ke tsakaninsa da iyalinsa, wannan asirinsa ne, ba ruwana da shi, kuma da ta faɗa mini da ta yi giba. Amma ruwan da ke shiga gidan ba sirrin kowa ba ne. Duk layin sun san shi. Mutum ɗaya ne bai sani ba, shi ne wanda zai biya kuɗin. Rufin asiri na gaskiya shi ne wanda idan an yi shi babu wanda ya cutu. Wanda kuwa za a rufe wani da shi ta hanyar yaye wa wani zane, wannan ai ba rufi ba ne, an dai canza wanda zai kwana a waje ne kawai.

Malamai sun daɗe da warware wannan. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibi ba ya zama giba, daga ciki akwai nasiha ga wanda zai ƙulla hulɗa da wani. Lokacin da Fatima bint Ƙais (RA) ta nemi shawarar Annabi (SAW) kan maza biyu da suka nemi aurenta, bai ce mata Allah Ya zaɓa mafi alheri ya yi shiru ba. Ya faɗa mata abin da ke tattare da kowannensu, ya kuma nuna mata Usama bin Zaid (RA). Idan an faɗi aibin mutum, sahabi ma, don kare mace ɗaya, ina ga aibin bulo da siminti?

Na san abin da wata za ta ce: zaman tare fa? Gobe ya ji ni ce na ɓata masa ciniki. Gaskiya ne, abin da nauyi. Amma akwai hanya. Mataki na farko shi ne maigidanki ya sami mai sayarwar a keɓe ya ce masa, Malam, ka faɗa musu maganar ruwan nan da bakinka, don idan an tambaye mu ba za mu ce ba mu sani ba. Wannan shi ne haƙƙin maƙwabtaka, ka hana ɗan'uwanka cin abin da zai zame masa wuta. Idan kuma mai saye ya zo, a faɗi abin da ido ya gani kawai, ba ƙari, ba habaici, ba tsohuwar gaba. Ko "ku dawo ku gani da damina" kaɗai da Inna ta ce mini, da ta fita. Kar mu manta kuma, wanda zai saya ɗin shi ne maƙwabcin gobe. Da wane ido za ki dube shi ran da ya gane kin sani?

Mai sayarwa: ranar da abin ya zo kaina

Shekara tara muka yi muna fama da gidan nan. Da maigida ya yi ritaya, ga yara biyu a jami'a, sai shawara ta tsaya a kan a sayar a koma ƙarami a bayan gari. Dillali ya zo ya zagaya, ya ce, "Alhaji, abu mai sauƙi. A bari sai Janairu, a cike tsagar nan, a watsa fenti. Ai ido ne ke ciniki, wanda ya gani ya ce yana so shi ke nan."

Ba zan ɓoye muku ba 'yan uwa, zuciyata ta karkata. Shaiɗan ya kawo mini hujjoji masu kyan gani. Ya ce ku ma haka aka yi muku. Ya ce ba ƙarya za ku yi ba, shiru kawai za ku yi. Ya ce kuɗin makarantar yara ne, ba shagali ba. A daren na kasa barci. Abin da ya riƙa dawo mini shi ne katifar yarana a kan ruwa, sai na riƙa ganin wata mata da ban sani ba, ita ma ta sayar da 'yan kunnenta, tana tsaye da tsintsiya ƙarfe biyun dare tana cewa Allah Ya isa. Ni na san zafin wannan Allah Ya isa ɗin, don na yi ta.

Da asuba na ce wa maigida, "Malam, mu tambayi masu ilimi kafin a sayo fentin nan." Abin da muka samu ya ba ni mamaki, don ashe maganar gida da tsagar bango tana nan ɓaro-ɓaro a littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana algus da yaudara da ɓoye aibi a ciniki. Mukhtasar na Shaihu Khalil ya ɗora wa mai sayarwa bayyana aibin da ya sani, ya siffanta shi ko ya nuna shi, kar ya dunƙule maganar. Wato cewa "gida dai ga shi nan, tsohon gini ne, yadda ka gani" ba ta wanke wanda ya san takamaiman inda ciwon yake. Malaman Malikiyya sun kasa aibin gida uku: ɗan ƙarami da ba ya rage daraja, ba a komawa kansa, matsakaici, wanda ake mayar wa mai saye gwargwadon abin da ya rage, da babba, wanda ke ba shi damar mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. Har misali suka bayar da bangon da ya tsage, da rijiyar da ruwanta ke da zartsi a unguwar da rijiyoyinta ke da daɗi.

Shi kuma fenti, malamin ya kawo mana misalin wanda ke ƙin tatsar akuya ko raƙuma kwana da kwanaki don hantsarta ta cika a ɗauka mai yawan nono ce. Bai furta ƙarya ba, amma Annabi (SAW) ya hana, ya kuma ba mai saye zaɓin mayarwa. Ashe hannu ma yana ƙarya ko baki bai buɗe ba. Gyara na gaskiya halal ne, kwalliya ma halal ce. Fentin da aka shafa don kar a ga abin da ke ƙasa, shi ne hantsar da aka ƙi tatsa.

Ba mu yi fentin ba. Duk wanda ya zo, maigida da kansa yake kai shi gindin bango ya nuna masa zanen ruwa, ni kuma in gaya wa matarsa inda nake ɗora kaya idan hadari ya haɗu. Zan so in ce muku nan take Allah Ya kawo wanda ya biya fiye da yadda muka sa, amma ba haka aka yi ba. Mutum huɗu suka gani suka tafi. Dillali ya daina ɗaga waya. Sai bayan wata bakwai wani magini ya saya, ya rage kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da muka sa rai, don ya lissafa kuɗin ɗaga daɓe da gyaran magudana. Gidan da muka koma ɗaki biyu ne maimakon uku. Gaskiya tana da tsada, kuma mun biya.

Abin da muka samu shi ne, har yau ina shiga unguwar nan kaina a ɗage. Matar maginin na aiko mini da tuwon salla. Hadisin Hakim bin Hizam (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna cewa masu ciniki idan suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa musu albarka, idan suka ɓoye suka yi ƙarya, ana shafe albarkar cinikin. Albarka aka yi alkawari, ba yawan kuɗi ba, kuma mu mata mun fi kowa sanin bambancinsu, don mu ke auna tsaba mu ga wadda ke kai wata da wadda ba ta kaiwa.

Sauran magana ɗaya, ga mu masu saye. Idan mutum ya ji tsoron Allah ya nuna miki aibin gidansa, kar ki mayar da gaskiyarsa wuƙar yanka shi. A rage daidai abin da gyara zai ci, a tsaya nan, musamman idan gidan marayu ne ko na matar da mijinta ya rasu. Tauye wa mutane kayansu na cikin abin da Annabi Shu'aibu (AS) ya hana mutanen Madyana. Idan duk wanda ya faɗi gaskiya sai mun karya masa kaya, to mu da kanmu muke koya wa na baya sayen fenti.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan sanin amana ce a wuyansa ranar da zai miƙa makulli. Mu kuma da muke kwana a ɗakunan, mu muka fi kowa sanin inda ake tara kwano idan ruwa ya sauko, don haka kar mu ce ciniki na maza ne ba ruwanmu. Kalma ɗaya a kan tabarmar cin abinci tana iya hana maigida abin da zai yi nadamarsa.

Allah Ya ba marasa gida nasu, Ya sa wa masu shi albarka, Ya tsare mu da cin haƙƙin wani, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.